Darasi Na Sha Ɗaya: Jinyar Saurayin Da Giya Ta Kama

Duk wanda ya zauna a Magajin Gari, ko kuwa ya taɓa kwana a Birnin Gwari a kan hanyarsa ta zuwa Tegina ko Funtuwa, ya san cewa mutanen wannan ƙasa, waɗanda galibinsu Musulmi ne, ba ma'abota alfahari da giya ba ne, kuma tun daga ƙofar fadar Mai Martaba Sarki Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II har ya zuwa ƙauyukan da ke gefen dajin Kamuku, da wuya ka ji dattijo ya ambaci sunanta a zaure ba tare da ya nemi tsari ba. Wannan ni'ima ce wadda ta cancanci godiya. Sai dai akwai wata musiba da takan ɓuya a ƙarƙashinta, ita ce idan ƙaddara ta faɗa wa wani gida ɗansu ya kamu da sha, kunya takan ɗaure bakin iyaye, su yi ta rufa-rufa shekara da shekaru suna cewa zazzaɓi ne ko sammu, har sai hanta ta lalace ko hankali ya gushe, sa'an nan a ɗauko shi a kai wa likita a lokacin da dabara ta ƙare. Abin da za mu karanta a wannan darasi shi ne yadda giya ke kama jiki, da dalilin da ya sa nasiha kaɗai ba ta isa ga wanda ta riga ta kama, da abin da ake yi a gidan jinya na gaskiya, da kuma haƙƙin da ke wuyan dangi idan majinyaci ya komo.

Yadda Abin Ke Somawa

Mu ƙaddara, alal misali, wani saurayi ɗan shekara 22, wanda iyayensa suka taso daga wani ƙauye na wajen Dogon Dawa ko Kuyello suka tare a Magajin Gari a shekarun da 'yan bindiga suka raba manomi da gonarsa. Ba wani mutum guda muke nufi ba, amma duk ɗan ajin nan zai iya tuno da mai kama da shi. Gona ba ta shiguwa, makaranta ta yanke, sai ya kama acaba, wani lokaci kuma ya bi abokai ramin haƙar zinari. Da rana yana cikin mutane kamar kowa, amma in dare ya yi barci ba ya zuwa, domin abin da idonsa ya gani a ranar da aka shigo ƙauyensu bai bar zuciyarsa ba, ga shi kuwa ba a saba namiji ya zauna ya ce wa wani yana jin tsoro ba. Ran nan wani a majalisa ya miƙa masa ƙaramar leda ta barasa, irin wadda ake sakawa a aljihu ba a gani, ya ce da ita gajiya ke warwarewa. Ya sha, ya yi barci. Wannan barci na daren farko shi ne tarkon, gama ya sami magani mai arha ga ciwon da bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Irin waɗannan ledoji da ƙananan kwalabe su ne hukumar NAFDAC ta yi yarjejeniya da masu kamfanoni tun 2018 a kan a daina yin su, ta kuma soma zartar da hanin a farkon 2024, saboda arharsu da sauƙin ɓoye su sun kai barasa mai ƙarfi hannun yara da direbobi. Ban da su akwai burkutu, akwai ogogoro wadda ake dafawa ba bisa ƙa'ida ba, wadda a 2015 ta hallaka mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas saboda gubar da ta gauraya da ita. Sau da yawa kuma saurayin ba ya tsayawa ga giya ita kaɗai, yakan haɗa da ƙwayar tiramol ko maganin tari mai kodin ko wiwi. Rahoton 2018 na binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a ƙasar nan, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi mu'amala da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, ba a ma lissafa da giya da taba ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce giya ce sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019.

Yanzu sai mu lura da abin da ke faruwa a cikin jiki, domin a nan ne jahilci ya fi yin ɓarna. Aikin giya shi ne danne ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, shi ya sa mai sha yakan ji damuwa ta lafa, harshe ya yi nauyi, ƙafa ta yi tangaɗi. Amma Allah Ya halicci ƙwaƙwalwa da neman daidaito, saboda haka idan aka yi ta danne ta kullum, sai ta ƙara wa kanta ƙaimi don ta rinjayi abin da ke danne ta. Daga nan leda ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai biyar, ba don saurayin ya ƙara lalacewa ba, sai don jikinsa ya sauya. Misalinsa kamar doki ne mai ƙarfi wanda aka daɗe ana ja masa linzami yana turjiya: ranar da aka saki linzamin farat ɗaya, zabura zai yi ya kayar da mahayi. Haka jikin wanda ya daɗe yana sha kullum yake yi in an yanke masa giya kwatsam. Cikin awa 6 zuwa 24 hannu zai soma karkarwa, gumi ya karyo, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, amai ya taso. Cikin kwana biyu na farko wasu sukan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya. A kwana na biyu zuwa na huɗu kuwa wasu sukan ruɗe baki ɗaya, zazzaɓi ya rufe su, ba su gane uwa ba su gane uba, suna ganin macizai da ƙwari a bango, kuma wannan mataki yana kisa in ba a kai ga likita ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa aljanu sun buge su a irin wannan hali, rashin giyar ne ke wahalar da su.

Don haka duk wanda ya ga ɗansa ba ya iya fita da safe sai ya kurɓa don hannunsa ya tsaya, ko ya sha rantsuwa cewa ya daina amma ya koma, ko ya soma sayar da kayan sana'arsa saboda sha, ko ya bar salla da abokan ƙuruciya da cin abinci, to ya sani al'amarin ya wuce wasa, ya zama ciwo. Kada kuma a ce bari Ramalana ya zo ya daina da kansa, domin wanda jikinsa ya kamu sosai, kamewar da zai yi a ranar farko ba tare da kulawar likita ba tana iya jawo masa wannan jijjiga da muka ambata.

Matsayin Shari'a

Watakila wani ya ce, ashe kuna so ku mai da saɓo ya zama ciwo don ku sauke wa mashayi laifi? A'a. Haramcin giya tabbatacce ne da Alƙur'ani da Sunna da ijma'in malamai, kuma kiyaye hankali yana cikin larurori biyar da fuƙaha'u irin su Imamul Gazali da Shaɗibi suka ce Shari'a ta zo don tsare su, tare da addini da rai da zuriya da dukiya. Haddinta a mazhabar Malikiyya bulala tamanin ne, kuma wannan haƙƙin alƙali ne, ba na uba ko wa ko mai unguwa ba. Amma mutum ɗaya yana iya zama mai saɓo da majinyaci a lokaci guda, kamar yadda wanda ya yi gudun ganganci da babur ya karye yake da laifi, amma ba wanda zai ce kada a ɗaure masa ƙafa. Tuba tana kankare zunubi nan take in an cika sharuɗɗanta na nadama da bari da ƙudurin rashin komawa. Jijiyoyin da suka shekara biyar suna jiƙe da barasa kuwa suna bukatar lokaci da magani.

Ya ishe mu abin lura cewa hanin giya bai sauka a rana ɗaya ba. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ta fara bayyana cewa cutarta ta rinjayi amfaninta, sa'an nan aya ta 43 a Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla a cikin maye, wanda ya taƙaita lokutan sha ga mai salla biyar, daga bisani ayoyi na 90 da 91 a Suratul Ma'ida suka yanke hukunci, aka zubar da giya a lungunan Madina. Uwar Muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta bayyana hikimar wannan tadriji a cikin Sahihul Buhari, inda ta nuna cewa an fara gina imani a zukata ne kafin a zo da hani, kuma da an fara da hanin da mutane sun ƙi. Hukunci yanzu ya cika, ba mai komawa matakin farko, amma darasin tarbiyya da ke ciki bai shafu ba. A cikin Buharin kuma akwai labarin wani sahabi da aka sha kawo shi gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda sha, har wani ya gaji ya la'ance shi, sai Annabi ya hana, ya kuma shaide shi da son Allah da Manzonsa. Ina roƙon kowane uba da ya taɓa ɗaga murya zai tsine wa ɗansa saboda giya ya tsaya a kan wannan labari ya yi tunani, gama mutumin nan ba sau ɗaya ya koma ba, amma ba a fitar da shi daga jama'a ba.

Gidan Mari

Idan haƙurin iyaye ya ƙare, abin da aka saba yi a ƙasar Hausa shi ne a kai kangararre gidan mari. Iyayen da suka yi haka ba mugaye ba ne, soyayya ce da rashin sanin wata ƙofa suka kai su. Amma abin da ya bayyana a ƙarshen Satumban 2019, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa cikin Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, da tabon duka a gadon baya, ya isa ya sa kowa ya sake shawara, balle da aka ci gaba da samun irinsa a Daura da Katsina da Zariya a makonnin da suka biyo baya. Ɗaure wanda giya ta kama a rufe shi a ɗaki, shi ne ainihin yankewar kwatsam da muka ce tana kisa, ga shi babu likita, babu ma'aunin jini, babu mai bambance ruɗewa da taurin kai. Wanda ya tsira kuma yakan fito da ƙullaci a zuciya, ya koma sha fiye da da. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙinsa na kada a wulaƙanta shi ko a azabtar da shi da sunan magani.

Masana tarihin Musulunci sun ruwaito labarin Abu Mihjan Assaƙafi, jarumi kuma mawaƙi, wanda giya ta gallabe shi har Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya ɗaure shi a lokacin yaƙin Ƙadisiyya. Da ya ji ƙarar takubba ya roƙi matar Sa'adu ta kwance shi bisa alkawarin in ya rayu zai komo, ya hau dokin Sa'adu ya yi yaƙin da ya ba jama'a mamaki, da yamma ya dawo ya mai da ƙafarsa cikin mari kamar yadda ya alkawarta. Da Sa'adu ya ji labari sai ya sake shi ya ce ba zai ƙara yi masa bulala ba, a nan ne Abu Mihjan ya rantse ya bar giya har abada. An sha yi masa haddi a baya bai daina ba, ya daina ne a ranar da aka amince masa aka mai do masa da mutuncinsa.

Hanyar Barnawa

Mu koma ga saurayinmu. Wata safiya mahaifiyarsa ta same shi yana rawar jiki a ɗaki, ta aika a kira ƙanenta. Kawun ya zauna kusa da shi, bai yi faɗa ba, ya ce, ɗan nan, na san abin da ke damunka, kuma ba don in tona maka asiri na zo ba, za mu je wurin likita ne ni da kai. Saurayin ya sunkuyar da kai ya ce, Kawu, wallahi na yi ƙoƙari ya fi a ƙirga, jikina ne ba ya yarda. Uwar ta ce, to ka yarda ka bi kawunka, Allah Ya yi maka albarka. Wannan yarda tasa, ko da rabi ce, ta fi ƙarfin mutum goma su danne shi su jefa a mota, kuma an fi samunta da safe kafin ya sha, a ɓoye, daga bakin wanda yake jin nauyinsa.

Matakin farko shi ne babban asibitin gari, watau asibitin tunawa da Jibril Mai Gwari, inda za a duba shi a ba da takardar turawa. Daga nan sai Kaduna, tafiyar kamar kilomita 120 ta Buruku, zuwa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, wanda aka kafa a 1975, yake kuma da sashe na musamman da ake kira DATER don jinyar masu shan giya da ƙwayoyi. Jama'a sukan kira shi asibitin mahaukata, kuma wannan suna shi kaɗai ya hana gidaje da yawa zuwa, alhali mafi yawan masu shiga ƙofarsa da ƙafarsu suke zuwa su karɓi magani su koma bakin aikinsu. Akwai irinsa a Kware ta Sakkwato da Dawanau ta Kano. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ban da kame tana da ɗakunan ba da shawara da gyaran hali a ofisoshinta na jihohi, gwamnatin Kaduna kuma tana da hukumarta ta yaƙi da shaye-shaye da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Jinya tana cin kuɗi, saboda haka ya kamata a tambayi adadi tun kafin a tashi, dangi su haɗa hannu, domin fitar da majinyaci a tsakiyar magani saboda aljihu ya ƙare asara ce biyu.

Makon farko na wanke jiki ne. Likita zai tambaye shi me yake sha, nawa, tun yaushe, da me yake haɗawa, kuma wajibi ne a faɗi gaskiya, gama a kan amsar ne za a auna magani. Za a ɗebi jini a duba hanta, a duba ko yana ɗauke da ciwon hanta na ƙwayar cuta, wanda ya yawaita a ƙasarmu, kuma in ya haɗu da giya yana gaggauta lalacewarta. Za a ba shi maganin da ke kwantar da jijiyoyi, irin su dayazefam, ana ragewa kaɗan-kaɗan kwana bayan kwana har jiki ya sauko a hankali, da allurar bitamin B1, wanda mashaya ke rasawa, kuma rashinsa kan shafe tunani har mutum ya kasa riƙe abin da aka faɗa masa yanzu-yanzu. In ya bushe a yi masa ƙarin ruwa. Kada wani ya ji sunan magani a nan ya tafi kemis ya saya wa ɗansa, domin shi kansa maganin yana kama jiki, kuma haɗa shi da giya yana tsai da numfashi.

Mutane da yawa suna zaton in jiki ya daina rawa an gama, sai su zo ɗaukar ɗansu a mako na biyu. Kuskure ne babba. Wanke jiki share fage ne kurum, jinyar kanta tana cikin makonnin da ke biye, kuma masu bincike sun gano cewa wanda ya zauna cikin kulawa wata uku ko fiye ya fi samun dacewa. Dalilin kwantar da shi a can maimakon ya riƙa zuwa daga gida shi ne a raba shi da majalisar da ya saba, da mai sayarwa da ya san shi, da lungun da ƙafarsa ke bi ko bai yi niyya ba. Wannan ma yana da asali a wurinmu, domin a hadisin mutumin da ya kashe rai ɗari ya nemi tuba, malamin da ya tambaya ya buɗe masa ƙofar rahama, sa'an nan ya umurce shi da ya bar garinsu ya koma cikin mutanen kirki.

A gidan jinya rana tana da tsari: lokacin tashi, da na wanka da gyaran gado, da na ibada, da na abinci, da na motsa jiki, da na barci, domin wanda giya ta kama ya daɗe da rasa bambancin dare da rana. Akwai zama shi kaɗai da masanin halayyar ɗan Adam, inda zai koyi gane abubuwan da ke tayar masa da sha'awar sha, ko kuɗi ne a hannu da yamma, ko faɗa da uba, ko ƙarar bindiga, ya kuma shirya abin da zai yi in sha'awar ta taso, da sanin cewa tana tasowa ne ta kai ƙololuwa ta sauka in an jure mata. A nan ne watakila saurayinmu zai fara ba da labarin ranar da aka shigo ƙauyensu, kuma in likita ya ga akwai ciwon firgita ko na damuwa a ƙarƙashin shan, sai a yi maganinsu tare, in ba haka ba abin da ya kai shi ga leda ta farko yana nan yana jiransa. Akwai kuma zaman da'ira, majinyata su kewaye, kowa ya faɗi nasa, kuma yaron da ya yi zaton shi kaɗai ne lalatacce a duniya sai ya ji malamin makaranta da ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati suna faɗin abin da ke cikin zuciyarsa. Addu'a da karatun Alƙur'ani da istigfari ba sa karo da wannan ko kaɗan, bal ma ƙarfi suke ƙara masa, muddin ba a ce a ajiye maganin likita saboda su ba.

Ranar ziyara tana da muhimmanci ƙwarai, kuma ma'aikatan sukan so su zauna da iyaye su ma. Likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Nijeriya, Thomas Adeoye Lambo, ya fahimci haka tun 1954, sa'ad da ya soma saukar da majinyatan asibitin Aro na Abekuta a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowanne tare da wani ɗan'uwansa, saboda ya ga ba a warkar da ɗan Afirka a ware shi daga danginsa.

Komowa Gida

Ranar sallama ce mafarin aiki mafi wuya, domin a asibiti babu giya, a gari kuwa tana nan inda ya bar ta. Cibiyar binciken shaye-shaye ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa jinya sukan sake faɗawa, adadin da bai wuce na masu hawan jini da ke sakaci da maganinsu ba. An kawo wannan lissafi ne don dangi su shirya, kada ranar da suka ji wari a bakinsa su ce kuɗinmu ya tafi a banza. In ya zame, a mai da shi wurin likita a makon, kafin kurɓi ɗaya ya zama wata guda. Ya kiyaye ranakun komawa asibiti ko da yana jin garau, kuma in an rubuta masa maganin rage sha'awar giya, ya sha yadda aka ce.

Abu na biyu shi ne sana'a. Zaman banza da aljihu wofi sun fi kowane aboki sharri. Tun da aka yi sulhu aka sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a Nuwamban 2024 bayan shekaru tana rufe, hanya ta ɗan samu, wasu gonaki sun nomu, kuma wannan dama ce ga mai son ya riƙe hannun irin wannan yaro: mai shagon walda, da kafinta, da tela, da dillalin hatsi, kowa zai iya ɗaukar guda ya koya masa. A watannin farko gara kuɗinsa su riƙa bi ta hannun wanda ya aminta da shi, bisa yardarsa, kuma gara kada ya koma ramin zinari ko tashar da ya koyi sha.

Akwai wata shawara da tsofaffi ke bayarwa da kyakkyawar niyya, wai a yi masa aure ya natsu. Ban yarda da ita ba. Aure ba ya maganin giya, kuma ɗaura wa 'yar mutane ɗawainiyar majinyacin da aka ɓoye mata halinsa cin amana ne, wanda sau da yawa yakan ƙare da duka da saki da 'ya'ya a tsakani. A bari ya tsaya da ƙafarsa tukuna, ya shekara ko fiye a cikin lafiya, in an zo neman auren kuma waliyyin yarinya ya yi tambaya, a gaya masa gaskiya, da cewa ya sha, da cewa ya yi jinya ya daina.

Yana kuma bukatar waɗanda zai faɗa wa abin da ba zai iya faɗa wa iyayensa ba. A Amurka a 1935 wasu mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka gano cewa in suna zama suna ƙarfafa juna sukan iya kamewa, daga nan ƙungiyar mashaya masu ɓoye suna ta yaɗu a duniya, Musulmin birnin Baltimo kuma suka kafa tasu mai suna Millati Islami a 1989 bisa koyarwar addini. Ba abin da zai hana mutum uku ko huɗu da suka yi jinya a Magajin Gari su riƙa haɗuwa bayan sallar isha'i sau ɗaya a mako a zauren wani malami mai riƙon sirri. Sauran jama'a kuwa abin da ake nema gare su kaɗan ne: a amsa masa sallama, a matsa masa a sahu, a gayyace shi suna da ɗaurin aure, a daina kiransa da laƙabin da aka sa masa a zamanin maye, kuma kada a riƙa sansana bakinsa a gaban ƙannensa.

Tambayoyi

1. Me ya sa yake da haɗari a kulle wanda ya daɗe yana shan giya kullum a hana shi sha farat ɗaya ba tare da likita ba? Faɗi alamomin da ke bayyana da lokacin bayyanarsu.

2. Mene ne bambancin wanke jiki na makon farko da jinyar da ke biye da shi?

3. Wata uwa ta zo maka a asirce ta ce mijinta zai kai ɗansu gidan mari gobe. Rubuta abin da za ka ce wa mijin cikin layi goma.

4. Ku kasu uku-uku, ku je asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa da unguwarku, ku tambayi ma'aikacin lafiya yadda ake samun takardar turawa zuwa Barnawa, ku kawo amsar a zama mai zuwa.